Ku Tambayi Baba: An ba ni jagorancin taron addu'a na gida, amma ni kaɗai ke magana

Salama gare ku masu karatun wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kan abu guda suke, wato taron nazarin Littafi Mai Tsarki da addu'a da ake yi cikin gidaje tsakiyar mako, wanda wasunmu nan Yamai ke ce ma selil. Na zaɓo huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na rage tsawon wasu.

Tambaya ta farko, daga wani saurayi a Talaje

Baba ina gaisuwa, ina gajiya. Ni malamin lakwal ne, fasto ya ɗora min jagorancin taron kartiyenmu na ranar Laraba, mu kamar goma sha biyu ne in kowa ya zo. Ina shiri sosai, ina rubuta shafi biyu uku, amma in na gama bayani na ce akwai mai tambaya ko ƙari sai kowa ya yi tsit yana kallon tabarma, banda wani dattijo guda da in ya kama magana sai ya yi minti ashirin kuma ba kan ayar da muka karanta ba. Wasu sun fara daina zuwa. Ko dai ba ni da baiwar ne in je in ce ma fasto ya nemi wani?

Amsa

Ɗana, kar ka je wurin fasto da wannan magana tukuna. Wanda ke zama ya cika shafi uku don mutum goma sha biyu bai rasa ƙaunar aikin ba, abin da ya faru kawai ka ɗauko aikin Lahadi ka kai shi Laraba. Ranar Lahadi mutum guda ke tsayawa ya yi wa'azi sauran su saurara, kuma daidai ne. Taron gida ba don haka aka yi shi ba, an yi shi ne don matar nan da ba za ta taɓa ɗaga hannu cikin majami'a ba ta samu wurin da za ta buɗe baki. In ka riga ka faɗi komi da komi, kai kuma ga ka malamin lakwal mai Faransanci a baki, to mi ya rage ta ce? Tsoro take kar ta faɗi abin da ya saɓa ma naka a ga kamar ba ta sani ba. Duba 1 Korantiyawa 14:26, Bulus yana kwatanta taron 'yan'uwa inda wannan ya zo da waƙa wancan da koyarwa, kowa da abin da ya riƙo, duka don gina juna. Aikinka shi ne ka sa abin da suka riƙo ya fito.

Shirin kar ka rage shi, amma ka canza abin da kake rubutawa. Maimakon shafi uku na bayani ka zo da tambayoyi biyar ko shida a 'yar takarda. Kuma ka bar tsalle daga littafi zuwa littafi kowane mako, ku kama guda ku bi shi daki-daki. Ni dai Markus nake ba masu farawa shawara, sura 16 ne kawai, labari ne ke bin labari, wanda bai yi boko ba ma yana iya riƙe shi a ka.

Bari in nuna maka da Markus 4:35-41, labarin hadari a teku. Ka sa wani ya karanta da Hausa, a hankali, wani ya sake karantawa da Faransanci in akwai masu riƙe da fassarar Louis Segond, in da Bazabarme da Hausarsa ba ta nuna ba wani ya maida masa da Zabarmanci. Sai ku rufe littafi ka ce wa zai ba mu labarin nan da bakinsa kamar yana ba yaransa? Za ka ga wanda ya fara zai manta wani abu, sai wata ta ce a'a ai ka tsallake, barci yake a bayan jirgi bisa matashi, wani ya ce kuma akwai waɗansu jirage tare da su, to ka ga baki ya buɗe ke nan ba tare da kowa ya ji ana masa jarabawa ba, don tambayar mi ya faru kowa na iya amsa ta. Daga nan ka ɗan zurfafa. Wa ya ce a haye? Yesu ne da kansa, ashe ke nan biyayya ce ta kai su cikin hadarin ba rashin ji ba. Mi suka ce masa da suka tashe shi? Ba su ce taimake mu ba a nan, cewa suka yi Malam ba ka damu ba za mu hallaka. Sannan tambayar da ni na fi so, yaushe tsoronsu ya fi yawa, lokacin iska ko bayan ta kwanta? Ka bari su koma su duba aya ta 41 da idonsu, za su ga bayan komi ya lafa ne tsoro mai girma ya kama su har suna tambayar juna wane ne wannan. In kai ka faɗa musu wannan za su gyaɗa kai su manta kafin su kai gida, in su suka tono shi da kansu zai zauna.

Sai a ƙarshe ka kawo shi gida, ka ce akwai wanda ya taɓa ce ma Allah cikin zuciyarsa ba ka damu ba? Mu da muke bakin kogin Isa mun san ruwa, cikinku ba za a rasa wanda ambaliyar 2020 ta taɓa shi ko ta taɓa danginsa a Lamorde ko Saga ba, wani kuma hadarinsa kuɗin haya ne ko yaro da ya gama karatu shekara da shekaru ba aiki. Amma wannan tambayar kar ka fara da ita, mutum ba ya buɗe cikinsa a minti biyar na farko.

Abu mafi wuya shi ne shirun. In ka yi tambaya aka yi tsit za ka ji kamar an yi awa guda alhali ko rabin minti ba a yi ba, kar ka amsa ma kanka, ka duƙar da kai bisa littafinka ka jira. In ya daɗe ka sake tambayar da wasu kalmomi masu sauƙi. Kuma ka bar cewa akwai mai tambaya ko ƙari, wannan ba tambaya ba ce, rufe taro ce. Ka kula da zama ma, in kai kana bisa kujera da tebur gabanka su suna ƙasa to aji ka buɗe, ku zauna da'ira kowa na ganin fuskar kowa. Waɗanda ba su iya karatu ba kar ka ce a bi layi kowa ya karanta aya guda, kunya za ta hana su dawowa. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare a salula, ka tura musu sashen mako mai zuwa ta WhatsApp su ji shi suna aikinsu, sau da yawa su ne ma za su fi riƙe labarin.

Maganar dattijo kuwa, kar ka kuskura ka katse shi gaban mutane, kai yaro ne a gabansa kuma duk taron zai ji zafin abin ko da su ma sun gaji da dogon zancen. Ka je gidansa wata rana ba ranar taro ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Baba ina neman taimakonka, yaran nan in ka riga su magana ba sa iya cewa komi don girmanka, ina so ka bar su su fara, kai ka zo daga ƙarshe ka ɗaure mana zancen cikin minti uku ka sa mana albarka. Ba wayo kake masa ba, gaskiya ce, kuma ka ba shi wurin da ya dace da shi. Haka Bilkisu da Akila suka yi da Afolos a Ayyukan Manzanni 18:26, gefe suka ja shi suka gyara masa, ba cikin taro ba. Mafi yawan dattawa masu dogon zance kaɗaici ne ke damunsu, gida ba mai zama ya saurare su, ziyarar da za ka kai masa ma kaɗai za ta rage rabin abin.

Ka gwada haka wata biyu, ka sake rubuto min.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Bukoki

Baba ni zuciyata ta ɓaci ne. A taron matan kartiyenmu na roƙi a yi min addu'a kan matsalar da ke tsakanina da maigidana, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ma ko uwata ba, ba a yi kwana huɗu ba sai ga wata da ba ta ma zuwa taron ta tare ni a kasuwa tana min sannu wai ta ji abin da ake ciki. Har ya kai kunnen maigidan. Yanzu an ce ni zan riƙa jagoranci in shugabarmu ta yi tafiya, ni kuma ko zuwa ba na son yi.

Amsa

Ɗiyata, sannu. An ci amanarki, kuma ba zan ce miki ki yi haƙuri ki manta kamar ba komi ba, abin da aka yi miki zunubi ne, Karin Magana 11:13 ta raba mai yawo da zance da amintacce mai rufe asiri. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda gulma ke shigowa cikinmu da rigar addu'a, a ce ina gaya miki ne don ki sa ta cikin addu'a, alhali daɗin ba da labarin ne ke jan bakin. Taron da asiri ba ya tsayawa cikinsa ya mutu ko da ana cika ɗaki, don kowa zai koma roƙon addu'ar tafiya lafiya da ciwon kai, abin da ke cin mutane da gaske kuma su koma da shi gida.

In kin san wadda ta fitar da zancen ki same ta ke da ita, haka Matiyu 18:15 ya ce, in ba ta ji ba ki ɗauki shugabarku ku koma tare. In ba ki sani ba kar ki zauna kina zargin kowa, ki gaya ma shugabar abin da ya faru ita ta yi ma taron magana ba tare da ta kama suna ba. Maigidanki kuma yana da hakkin ya ji daga bakinki cewa ba don ki tona shi kika yi ba, neman taimako kika je.

Jagorancin kuwa ni ina ganin ki karɓa, in zuciyarki ta ɗan huce, don wadda aka yi ma haka ta fi kowa sanin abin da za ta tsare. Ranar farko ki faɗa a fili, abin da aka faɗa nan ya tsaya nan, ko ma miji ba a kai ma, kuma ki riƙa maimaitawa duk ranar da baƙuwa ta zo. Roƙon addu'a kar a rubuta shi da suna cikin gurup na WhatsApp, saƙon murya ma ya fi muni don dannawa guda ya tafi inda ba ki zata ba, kuma salula a gidajenmu ba ta mutum guda ba ce, yara na ɗauka miji na ɗauka. Ki koya musu cewa mutum na iya cewa ina da wata damuwa a gida ku tuna da ni, shi ke nan, Allah ya san sauran, kuma ba mai ikon ya ce ba mu bayani. Yakubu 5:16 ya ce mu furta ma juna laifofinmu mu yi ma juna addu'a, namu fa, ba na wanda ba ya wurin ba. Abu mai nauyi irin naki ya fi kyau a kai shi ga mutum guda ko biyu da aka gwada amanarsu, ko a raba taron bibbiyu lokacin addu'a.

Wuri guda ne rufe asiri ke da iyaka, kuma ki faɗa musu shi tun farko don kar a ce kin ci amana. In wata ta ce ana dukanta har ana ji mata ciwo, ko ana cutar da yaro, ko ta ce ta gaji da rai tana tunanin kashe kanta, wannan ba a rufe shi da amin a watse. Ki zauna da ita bayan taro, ki gaya mata ba za ki bar ta ita kaɗai ba, ku je tare wurin fasto ko matarsa ko wata dattijuwa da ta yarda da ita, in abin na likita ne ko na hukuma a kai shi can.

Tambaya ta uku, daga wani magidanci a Harobanda

Baba gidan haya muke, tsakar gida guda da maƙwabta Musulmi, mu kaɗai ne Kirista. A ɗakina ake taron. Wasu 'yan'uwa in addu'a ta yi zafi sai a ɗaga murya har goma na dare, mai gidan ya fara yi min magana. Wani cikinmu ya ce tsanani ne mu dage. Ya kake gani?

Amsa

Ɗan'uwa, wannan ba tsanani ba ne, mutum ne ke son yaransa su yi barci. Mu da muka ga 16 da 17 ga Janairun 2015, ranakun da aka ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai, mun san mi ake kira tsanani, kuma mun san akwai maƙwabta Musulmi da suka tsaya ma Kirista a ranakun nan. Zaman lafiyar tsakar gida ba abin wasa da shi ba ne. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 6:7 ba don yawan magana ake jin mu ba, ƙarfin murya ma haka. Ka je ka ba mai gidan haƙuri, ka gaya masa ranar da lokacin, ku fara bayan an fito sallar magariba ko ku gama kafin ta, kar waƙarku ta hau kan kiran salla, awa guda da rabi ta isa, a rage murya, baburan baƙi kar su tare ƙofa. Kuma mata da 'yan mata da za su nemi taksi su haye gada da dare, ka tuna da su kafin ka bari addu'a ta kai goma. Masu son kwanan addu'a da murya sama ga majami'a nan, a nemi izinin fasto.

Wani abu kan addu'ar kanta tunda mun zo wurin. In mutum biyu ne kullum ke yin dogayen addu'o'i sauran na amin, sabon tuba zai ɗauka sai ya iya irin wannan jerin kalmomi kafin ya buɗe baki. Ka riƙa cewa yau kowa jimla guda ko biyu, da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci, ba sai Faransanci ba. Ku fara da abin da kuka karanta kafin ku shiga jerin bukatu. Ka samu ɗan kaye, wato littafin rubutu, ka riƙa rubuta abin da aka roƙa ba tare da asirin kowa ba, bayan wata guda ku buɗe ku ga wanne Allah ya amsa ku yi godiya. In kuma aka kawo yaro jikinsa zafi rau cikin damina, ku yi addu'a a tsaye ku sa shi bisa babur zuwa likita a daren nan, kar a ce a jira a ga ikon Allah zuwa safe, zazzaɓin sauro ba ya jiran yaro ƙarami. Luka da ya rubuta bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne, Kolosiyawa 4:14.

Tambaya ta huɗu, daga wata ɗaliba a jami'a

Baba in aka yi min tambayar da ban san amsarta ba fa? Kuma akwai wani da kullum yake zuwa da abin da ya ji wurin masu wa'azi na Facebook da TikTok, ranar nan ya ce Filibiyawa 4:13 na nufin duk abin da ka furta za ka samu.

Amsa

Ɗiyata, ki ce wannan ya fi ƙarfina, zan tambayo mu dawo kansa mako mai zuwa, kuma ki tambayo ɗin da gaske ki dawo da shi. Ba wanda zai raina ki, ƙirƙiro amsa ne ke zubar da jagora.

Shi kuma ɗan'uwan kar ki yi gardama da shi, ki ce mu karanta daga aya ta 10. Zai gani da idonsa Bulus yana ɗaure ne lokacin da yake rubutun, yana gode ma Filibiyawa kan taimakon da suka aiko masa, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi, shi ne komi ɗin da yake iyawa ta wurin mai ƙarfafa shi. Ga ɗalibin da ke jiran kuɗin bursu ba su zo ba wannan ya fi waccan fassarar amfani nesa ba kusa ba. Ki tuna musu lambobin nan da muke gani ba da su aka rubuta wasiƙun ba, sai a 1551 wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa lambobin ayoyi cikin Sabon Alkawari don sauƙin nema, Bulus wasiƙa ya rubuta a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Ku maida shi al'adar taronku, duk wanda ya kawo aya a karanta abin da ke gabanta da bayanta, ko daga bakin wa ta fito, har ke. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 Bulus kansa suka riƙa bincika maganarsa cikin Nassi kowace rana, kuma yabonsu aka yi. Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932, ba mu da dalilin dogara da bidiyon minti guda.

In ya ci gaba da kawo koyarwar da ke raba kan mutane, ko ya fara cewa a shuka iri a tura kuɗi ga wani bawan Allah na intanet, to ya wuce hurumin taron gida, ki sanar da fasto ko dattawan ikilisiyarku tun abin bai yi nisa ba.

Akwai saƙonni biyu kan kuɗin shayi da biskit da ke zame ma mai masauki nauyi, da kuma yaushe ya kamata a raba taro in ya yi yawa. Wuri ya ƙare, za mu ɗauke su fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mai masaukin da ya rubuto daga Yantala, kafin nan ka sa ruwan sanyi kawai a randa, ya wadatar.